Yadda tsangayar aikin gona za ta buɗe ƙofa ga kowa, ta kuma riƙe wanda ya shigo

Digirin aikin gona a jami'o'in Najeriya shekara biyar ne, kuma aji huɗu, wato shekarar gona, kusan gaba ɗayansa a gona ake yin sa. Ɗalibin shari'a ko na tarihi yana iya gama karatunsa tsakanin aji da laburare. Na aikin gona kuwa dole ya shiga fili, ya shiga garke, ya shiga ɗakin gwaji, ya kuma kwana a ƙauye. A kowane ɗaya daga cikin wuraren nan akwai inda ake zubar da ɗalibi saboda dalilin da bai shafi ƙwaƙwalwarsa ba: mace mai goyo, wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa, kurma, zabiya, mai sikila, ɗan makiyayi, ɗan talakan ƙauye, da wanda aka tura wurin manoma alhali ba ya jin yarensu.

Asarar kuma ba ta ɗalibin kaɗai ba ce. A garuruwanmu da yawa malamin gona namiji iyakarsa zaure, ba shiga. Amma a cikin gidan ne ake kiwon awaki da kaji, ake turara shinkafa, ake matsar man gyaɗa, ake daddawa, ake adana iri. Wannan giɓin ne ya sa aka shigo da shirin mata a aikin gona cikin hukumomin bunƙasa noma na jihohi tun daga 1988. Tsangayar da ba ta yaye mata ta bar wannan ɓangare na noman yankinta babu malami. Bayanin da ke tafe na shugaban tsangaya ne da shugabannin sassa da manajan gona da kodinetocin aji, domin yawancinsa yana hannunsu, ba sai an jira Abuja ba.

Fara da ƙidaya

Kafin a kafa kwamiti ko a buga allo, a zauna da jami'in jarrabawa a fitar da alƙaluman shekara biyar da suka wuce. A bi kowane rukuni na ɗalibai daga shigarsu zuwa fitarsu: nawa aka ba gurbi, nawa suka yi rajista, nawa suka tsallake aji ɗaya, nawa suka sake kwas ɗin kemistiri ko lissafi ko fiziks, nawa suka kammala shekarar gona, nawa suka fita da wane matsayi. Kowane adadi a raba shi maza da mata, a raba shi ta jiha da irin makarantar sakandaren da aka fito, a kuma ware masu buƙata ta musamman.

Abin da ake nema shi ne inda kwaryar take yoyo. A ce mata 30 suka shiga cikin aji mai mutum 120, suka kai aji uku su 28, amma 19 suka fita. Matsalar wannan tsangaya tana shekarar gona, kuma duk kuɗin da ta kashe wajen yawon wayar da kai a makarantun 'yan mata ba zai taɓa ta ba. Idan kuwa zubewar a aji ɗaya take, kuma 'yan makarantun ƙauye ta fi shafa, to maganin darasin ƙari ne na kemistiri da lissafi.

Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Na farko, a dogara da fom ɗin rajista wajen sanin masu nakasa. Da yawa ba sa rubutawa, don tsoron kada a ce ba za su iya kwas ɗin ba a mayar da su wani sashe. Sai an sanar a rubuce cewa bayyanawa ba ta taɓa gurbin kowa, sannan a ba su mutum ɗaya sananne da za su same shi a keɓe. Na biyu, a liƙa sakamakon ƙidayar yadda za a gane mutum. Rukunin da bai kai mutum biyar ba kada a buga adadinsa a fili, kuma bayanin lafiyar ɗalibi sirri ne a ƙarƙashin dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

Ƙofar shiga

A jami'o'in tarayya rabon gurbi sananne ne: kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewayen jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Tsangaya ba ta da ikon sauya wannan, kuma ba ta buƙata. Sau da yawa ma gurbin aikin gona ba ya cika da waɗanda suka zaɓe shi, sai a cike da waɗanda suka nemi likitanci ba su samu ba, alhali yaron da ya tashi da fartanya a hannu ko a bayan shanu bai ko kai ga cike fom ba.

Abin da ke tare shi tun daga sakandare ne. Ana neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi da kemistiri da bayoloji ko kimiyyar noma, kuma makarantun karkara da yawa ba su da malamin kemistiri. Don haka ziyarar wayar da kai a kai ta ga 'yan aji uku na ƙaramar sakandare da 'yan aji ɗaya na babba, lokacin da ake zaɓen darussa. Zuwa wurin 'yan ajin ƙarshe zuwa ne bayan an sha kasuwa. A tafi da ɗaliba ko malama, a kuma nemi zama da iyaye ta hannun mai gari ko ƙungiyar iyaye da malamai, domin tambayoyin da ke hana uba sakin 'yarsa uku ne: ina za ta kwana, wa zai kula da ita a gona, wane aiki za ta yi in ta gama. Wanda bai zo da amsar waɗannan ba ya yi zuwan banza.

Akwai ƙofofin gefe da ya kamata tsangaya ta riƙa tallatawa: karatun share fage irin na makarantar Funtuwa ta Jami'ar Ahmadu Bello, shirin IJMB da ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a, da shiga kai tsaye ga masu difloma daga kwalejojin aikin gona irin na Samaru da Kabba da Dambatta. Masu difloma galibi sun riga sun iya aikin hannu, da yawansu ma malaman gona ne da ke bakin aiki, sai dai sukan sha wuya a lissafin ƙididdiga. A tanadar musu darasin sati shida kafin zango ya fara.

'Ya'yan makiyaya abin da ya fi kayar da su takardu ne. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, sannan wurin tantancewa a nemi takardar haihuwa da ta ɗan asalin ƙaramar hukuma. Iyalin da suka yi kiwo a jihohi uku ba su da wannan a aljihu. A yi hulɗa da Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1989, da arɗoɗin yankin, a fara neman takardun shekara guda kafin jarrabawa. Makafi kuma a sanar da makarantunsu cewa tun 2017 JAMB tana da tsari na musamman na yi musu jarrabawa a cibiyoyi keɓaɓɓu.

Bayan an ba da gurbi sai kuɗin rajista. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a ba tare da ruwa ba, yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata. Amma ɗalibi ba zai iya nema ba sai makarantarsa ta ɗora bayanansa, kuma harafi ɗaya da ya saɓa tsakanin sunan da ke JAMB da na banki ya isa ya tsayar da komai. A ware kwana biyu a makon farko, da kwamfuta da intanet da ma'aikaci ɗaya, a cike tare da su.

Shekarar gona

A nan ne adalcin tsangaya yake bayyana ko ya ɓace. Tambayar da za a yi wa kowane aiki da ke cikin jadawalin ita ce: me ake son ɗalibin ya iya in ya gama? Mai digirin aikin gona ana son ya san lokacin shuka da tazara da adadin taki, ya gane ƙwaro da cuta, ya auna magani daidai, ya yi lissafin riba da faɗuwa, ya kuma iya koya wa manomi. Saurin huɗa da garma ba ya cikin abin da digirin ke shaida. In aka rarrabe waɗannan biyun, za a ga cewa ana iya sauƙaƙa wa mutum hanya ba tare da an rage ko ƙwayar zarra daga abin da ake buƙata ya sani ba.

Rabon fili ya zama da ƙuri'a, a gaban kowa. Gonar makaranta ba ɗaya take ba: wani gefe jigawa ne, wani yana kwantar da ruwa, wani wuta-wuta ta cinye shi, wani yana bakin hanyar awakin unguwa. In manajan gona ne yake rabawa da hannunsa, ko da zuciya ɗaya ya yi, za a ce ya yi son kai. Waɗanda kawai za a cire daga ƙuri'a su ne masu wahalar tafiya, a ba su filayen da ke kusa da hanya, a kuma faɗi dalilin a fili.

Kayan noma tsangaya ce za ta auna ta bayar, iri ɗaya ga kowa. Misali fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi na masara, tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya da 25 tsakanin rami da rami, yana ɗaukar tushe kusan 530. Yana buƙatar iri giram 200, takin NPK 15:15:15 kilo 4, da yuriya kilo 1.3 a zubi na biyu. A auna a sikeli, ɗalibi ya sa hannu. A haramta ƙarin taki daga aljihu da ɗaukar 'yan ƙwadago. In ba a yi haka ba, ɗan mai hali zai sayo rabin buhu ya zuba, ya biya a yi masa noma da maimai yana gari, ya zo ya kwashe maki, ɗan talakan da ya yini a rana ya tashi da na ƙasa. Wanda aka amince a taimaka masa saboda lalurar jiki, ma'aikacin gonar makaranta ne zai taimaka, ɗalibin yana tsaye a wurin yana ba da umarni, kuma a rubuta a littafin aikinsa wane aiki aka yi masa da ranar.

Makin ma a sake duba rabonsa. Yawan amfanin da aka girbe kada ya wuce kashi 20, domin ruwan sama da ƙasa da ɓarnar dabbobi suna da hannu a ciki. Sauran a raba tsakanin halarta, littafin aiki, lissafin abin da aka kashe da abin da aka samu, da tambayoyi baki da baki a bakin filin, malamai biyu suna saurare. Wanda aka yi wa noma a ɓoye a nan asirinsa ke tonuwa, don ba zai iya faɗin ranar da tsutsa ta fara cin masararsa ba.

Feshi yana da nasa hukuncin. Injin goyo mai lita 16 in an cika shi yana kai kilo 20. Abin da ake gwadawa shi ne ko ɗalibi ya iya auna yawan ruwan da injin ke fitarwa, ya lissafa maganin da zai zuba a kowane cikawa, ya zaɓi kan feshin da ya dace, ya kula da iska. Duk wannan ana gwada shi da ruwa zalla, kuma wanda ba zai iya goyon kilo 20 ba a cika masa rabi. Mai juna biyu da mai shayarwa kada su haɗa magani, kada su fesa, kada su shiga filin sai lokacin da takardar maganin ta ƙayyade ya wuce. Kayan kariya kuma a saye su girma-girma. Takalmin roba lamba 44 ga ƙafar da take 37 tuntuɓe ne, safar hannun da ta yi yawa kuwa cire ta ake yi a ci gaba da hannu tsirara.

Sandar da ke juya injina a bayan tarakta tana zagaye 540 a minti, wato sau tara a daƙiƙa ɗaya. In ta kama bakin mayafi ko hannun babbar riga ko igiyar wando, babu wanda zai iya kashe injin kafin ɓarna ta auku. Haka bel ɗin injin casa da na niƙa. Wasu wuraren maganin da suke yi shi ne su ce mata su tsaya nesa su kalla, shi ke nan an fitar da su daga darasin. Abin yi shi ne tsangaya ta fitar da kayan aiki na bai ɗaya: riga mai dogon hannu da maɓalli a wuyan hannu, mai kaiwa gwiwa ga mai so, wando, da ƙaramin hijabi mara igiya da ake cusa bakinsa cikin riga. A zauna da ɗalibai mata a tsara shi, a ba tela ɗaya ya ɗinka. Dokar hana sutura mai lilo kusa da inji ta hau kan kowa, har malamin da ya zo da babbar riga. Murfin sandar da na bel kuma in ya karye, injin ya tsaya sai an gyara.

Lokacin aiki daga ƙarfe 6:30 zuwa 10:30 na safe ya fi, musamman a noman rani tsakanin Maris da Mayu da zafi ke haura digiri 40 a wurare irin Sakkwato da Maiduguri. Da azumi a ƙara matsowa da shi, a bar aikin ƙarfi na yamma. Kada a sa firatikal ko gwaji da tsakar ranar Juma'a ko safiyar Lahadi. Ban ruwa da ciyar da dabbobi ba su san hutu ba, don haka a jera masu duti yadda Kirista zai riƙe Juma'a da ranakun Sallah, Musulmi ya riƙe Lahadi da Kirsimeti. A kafa rumfa da randa ko tankin ruwan sha a bakin gona. Mai sikila rashin ruwa a jiki da gajiya da sanyin dukan ruwan sama ne ke tayar masa da ciwo, sai a ba shi izinin hutawa da sha ba tare da ya roƙa ba, a kuma rubuta yadda zai rama kwanakin da ya yi a asibiti. Zabiya yana buƙatar malafa mai faɗi, dogon hannu, man kare fata, da aikin sassafe, kuma yawancinsu ganinsu yana da rauni, don haka takardunsu a buga da manyan haruffa.

Banɗaki a gona, na mata daban, mai ƙofa da sakata da ruwa. Ƙaramin abu ne a ido, amma rashinsa ne ke sa ɗaliba ta ƙi shan ruwa tun asuba, ko ta yi fashin kwana huɗu ko biyar kowane wata a rubuta mata rashin halarta.

Ɗalibai mata da yawa a jami'o'in Arewa matan aure ne, kuma haihuwa a tsakiyar shekarar gona ba baƙon abu ba ne. Kada a bar wannan ga halin kodineta, yau mai tausayi gobe mai tsanani. A rubuta ƙa'ida, majalisar jami'a ta amince: sati nawa ake ba mai jego, waɗanne ayyuka za ta rama da noman rani ko da rukuni na gaba, da yadda za ta jingine zango ba tare da an lissafa mata faɗuwa ba. A sashen dabbobi kuma, mai juna biyu kada ta karɓi haihuwar tunkiya ko akuya ko saniya, kada ta taɓa mahaifa ko ɗan da aka yi ɓarinsa, domin cututtuka irin bakkale suna kama mutum ta nan, wasunsu kuma suna taɓa cikin. A ba ta auna nauyi, haɗa abinci da riƙe rajistar garke a wannan lokacin. Ɗaki ɗaya mai tabarma da fanka da ruwa kusa da gona ya ishi masu shayarwa da masu rainon da suke zuwa da su.

Maganar alade ma gara a yi ta a fili. Kiwonsa yana cikin manhaja, kuma kowa zai karanta ya rubuta jarrabawa. Ɗalibi Musulmi da ba zai taɓa shi ba a ba shi aikin hannunsa a zomaye ko kaji. Ɗalibin da ya fito daga Kudancin Kaduna ko Filato ko Binuwai, inda kiwon nan sana'a ce mai ci da gida, kamar yadda kasuwar aladu ta Kafanchan ke nunawa, shi ma yana da haƙƙin ya koye shi da hannu. In tsangaya ba ta da garken, ta nema masa gonar da zai je.

Ɗan makiyayi yakan zo da sanin da malaminsa ba shi da shi: ya bambance Bunaji da Rahaji da Bokolo tun daga nesa, ya gane saniyar da sammore ya kama kafin ta rame. A sa shi ya jagoranci rukuni a garke, a bar shi ya faɗi sunayen cututtuka da ciyayi da Fulatanci a rubuta su gefen na littafi. In darasi ya zo kan rikicin manoma da makiyaya, malami ya tsaya kan burtali da mashaya da lokacin girbi da dokar ƙasa. Ranar da ya jingina laifi ga ƙabila, ɗalibin nan ya daina magana a ajinsa har ya gama.

Fita ƙauye

Tun bayan sace ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka da ke Kaduna a Maris 2021, da sace wasu a kwalejin aikin gona ta Bakura da ke Zamfara a watan Agustan shekarar, iyaye suna da hujjar tambaya. A zaɓi ƙauyen tare da shawarar jami'an tsaro da hakimi, malami ya je ya gani da idonsa kafin a tura kowa, a tabbatar akwai sabis na waya, a kuma ba iyaye da mazaje takarda mai sunan garin da lambar malamin da ke kula. Mata a sauke su su biyu ko fiye a cikin gidan da aka sani, a hannun uwar gida, ba a ajin firamare da babu ƙofa ba. Motar makaranta ta kai ta ɗauko da rana.

Kowane rukuni ya kasance da mai jin yaren garin, ko Hausa ne ko Fulatanci ko Barbarci ko Nufanci ko Gwari, kuma a ba shi maki a kan tafintar da ya yi, don aiki ne. Rukunin da babu mace a cikinsa zai dawo da rahoton da babu kaji, babu awaki, babu sarrafa amfanin gona.

Gini da aji

Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya cika. Gyara mafi arha ba ya buƙatar siminti: duk ajin da ke da mai keken guragu a mayar da darussansa ƙasa tun wajen tsara jadawali.

Gangaren keke kuwa awo gare shi. Kowane santimita ɗaya na tsayi yana buƙatar 12 na tsawo, don haka matakala uku masu santimita 15 kowace suna buƙatar gangare mai mita 5.4. Faɗinsa mita 1.2, da ƙarfen riƙewa a gefe biyu, da fili shimfiɗaɗɗe mai mita 1.5 a sama don juyawa, a kuma kakkarta fuskar simintin kada ya yi santsi da damina. Magini in aka bar shi zai zuba mita ɗaya da rabi mai tsayin da ko mai ƙafa biyu sai ya yi hankali. Keken hannu mai ƙafa uku da aka fi amfani da shi a Arewa ya fi na asibiti tsawo, don haka a kira mai shi ya gwada kafin a zuba kankare, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ƙofa ta kai santimita 90. A ɗakin gwaji a rage tsayin benci ɗaya zuwa santimita 75 ko 80, a bar ƙarƙashinsa fayau. A lambu a ɗaga komi biyu ko uku da bulo zuwa santimita 60 ko 70, faɗinsu kada ya wuce mita 1.2 in ana zagaya su, da hanya daɓaɓɓiya a tsakani. Sabon gini kuwa tun ran gini ran zane, a sa waɗannan awo a cikin takardar kwangila.

Kurma yana buƙatar tafinta, kuma lacca mai awa biyu tafinta biyu take so, suna karɓar juna duk minti 20 zuwa 30. A ba su takardar darasin kwana biyu kafin lokaci don su shirya alamun kalmomin kimiyya tare da ɗalibin. A tambaye shi wace maganar hannu yake yi, don wadda ake koyarwa a makarantu irin ta Tudun Maliki da ke Kano ta bambanta da ta Hausa da ake yi a gari. Makaho a ba shi darasi a rubuce cikin kwamfuta, ba hoton shafi ba, domin manhajar karanta allo irin NVDA, wadda kyauta ce, ba ta karanta hoto in ba an juya shi zuwa rubutu ba. Ƙarin lokacin jarrabawa da mai rubuta masa a rubuta su a ƙa'ida tun farkon zango.

Maki da ƙorafi

Inda mutum ɗaya ke riƙe da makin ɗaliba shi kaɗai, a gona mai nisa ko a aikin binciken aji biyar, nan ne mai mugun nufi ke samun dama. A rage wannan ikon: lamba a takardar jarrabawa maimakon suna, malami na biyu a duk makin firatikal, ganawa a ofis da rana ƙofa a buɗe, da 'yancin sauya mai duba bincike sau ɗaya ba tare da an tilasta faɗin dalili ba. Hanyar kai ƙara ta zama uku aƙalla, ɗaya mace, ɗaya a wajen tsangayar, don kada ƙara ta biya ta teburin abokin wanda ake ƙara. A sa wa'adi, amsa cikin kwana bakwai, hukunci cikin zangon, kuma daga ranar da aka shigar da ƙara a cire takardun mai ƙarar daga hannun wanda ake tuhuma.

Wa zai riƙe aikin

Kwamitin ya zama ƙarami, mutum bakwai sun isa: mataimakin shugaban tsangaya a matsayin shugaba, manajan gona, jami'in jarrabawa, malama ɗaya, ma'aikacin ɗakin gwaji, da ɗalibai biyu, mace da mai buƙata ta musamman. Kada a jibga shi kan ƙaramar malama don kawai ita ce mace, ba ta da ikon sa manajan gona ya yi komai, kuma lokacin bincikenta ne zai tafi. Dokar 2019 ta ware kashi 5 na guraben aikin gwamnati ga masu nakasa, sai a tuna da ita ranar ɗaukar mataimakan malamai da ma'aikatan ɗakin gwaji. Malamai mata kuma a tura su neman tallafin karatu na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da shirin AWARD na mata masu binciken noma a Afirka.

A buɗe layi na musamman a kasafin tsangaya, ko daga kuɗin amfanin gonar makaranta ne. A shekarar farko a fara da waɗanda takarda kawai suke ci: ƙuri'ar fili, rabon maki, ƙa'idar jego, sauya jadawali. Banɗakin gona da rumfa da kayan kariya su biyo baya kafin ruwan farko ya sauka, gangare da tafinta a sa su a buƙatar da za a kai wa hukumar jami'a da awonsu da adadinsu. Bayan girbi, wajen Nuwamba ko Disamba, jami'in jarrabawa ya sake fitar da alƙaluman nan na farko, a karanta su a taron malaman tsangaya, sannan a kira duk ɗalibin da ya bar karatu a shekarar a waya a tambaye shi a wane wata ya tsaya da abin da ya tsayar da shi.